Kujerar Gaba

Direba yana goge madubin gefe na dama da tsohuwar singiletinsa. Ya hura masa iskar baki, ya goge, ya ja da baya ya duba, ya sake hurawa. Haka yake yi kowace safiya kafin ya sa komai a cikinsa. Madubin fes yake, shi ma ya sani, amma a 'yan watannin nan yakan daɗe a kansa fiye da sauran, kamar mai lallashin yaron da ya yi fushi.

Yau ba a ƙofar gidansa yake ba. Farfajiyar wani masauki ce a babban birni, inda benaye suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suka hana rana saukowa da wuri. Motarsa, farar bas ƙarama da ta tsufa tare da shi, tana tsaye a tsakiyar motoci masu sheƙi, duk ta takura kamar baƙuwar da ba ta san kowa ba.

Jikarsa ta leƙo ta tagar bene. Tsuntsuwa ake ce mata, don bakinta ba ya hutawa sai barci ya sace ta.

"Tsoho, ka ƙyale madubin nan haka, kar ya ƙare. Inna ta ce shayinka ya huce."

"Ke da kika ce jiya kin fasa aurena, ina ruwanki da shayina?"

"Na fasa fasawar. Ai ka ce yau za ka hau da ni hasumiya. In mun sauko sai in sake shawara."

Ya yi dariya, ya ninke tsumman ya cusa a ƙarƙashin kujera.

Tun yana saurayi ya shiga tasha. Ya yi rataye a ƙofar motocin mutane yana kiran fasinja har muryarsa ta dushe, ta kuma zauna a haka. Ya yi wanki, ya yi lodi, ya kwana a ƙarƙashin motar da ta mutu a daji, kafin wani ya yarda ya ba shi sitiyari. Da ya sami tasa sai ya kama hanya guda ya riƙe, daga ƙaramin garinsu zuwa kasuwar da ke bayan tsaunuka. Ya kwashi mata 'yan kasuwa da buhunansu da sassafe, ya dawo da su da yamma suna gyangyaɗi a kafaɗun juna. Magana ɗaya ake yi a kansa a tasha: ko kaza bai taɓa takewa ba. Da wannan maganar ya ciyar da gidansa, da ita ya sa 'yarsa a makaranta. Uwa takan miƙa masa ɗanta ta taga ta ce a sauke shi wuri kaza, ta juya ta tafi ba ta waiwaya ba. Bai tara komai a duniya ba sai wannan shaidar da wannan motar.

Bara duhun ya zo, kuma bai yi sallama ba. Ta gefen idon dama ya shigo, siriri kamar bakin labule, kullum ana jan sa kaɗan. Babu ciwo, babu hawaye. Abin da ke gabansa yana ganinsa tar, har lambar motar da ta yi nisa yana karantawa. Amma abin da ya taho ta gefe ba ya ganin tahowarsa, sai dai ya gan shi a gabansa kamar daga ƙasa ya tsiro. Mai sayar da tabarau ya haska masa ido ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wannan ya fi ƙarfin tabarau, na asibiti ne. Direba ya yi godiya ya fito. Bai je ba. Ya san in ya shiga asibiti da lasin a aljihu, ba zai fito da shi ba.

Bai gaya wa matarsa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Wata safiya dai ya fito ya tarar da Inna zaune a kujerar gaba da gyalenta da jakarta. Ta ce zaman gida ya ishe ta tun da yara suka watse, za ta riƙa bin sa kasuwa tana saro albasa. Inna ba mai yawan magana ba ce, mace ce da za ta yini tana aiki ba ka ji komai ba sai motsin kwanuka. Amma da mota ta tashi sai ta zama wata.

"Dubi mai babur ɗin nan, shi da iyalinsa kaf a kan ƙarfe ɗaya, wai wuce mu yake son yi."

"Wannan tirelar da ke fitowa daga kwana ba ta da niyyar tsayawa, ka ji mai ita."

"Ga yara can a bakin titi, iyayensu dai sun huta."

Fasinjoji suna dariya, suna cewa tsufa ya buɗe bakin Inna. Shi kuwa ƙafarsa ta koyi muryarta, kafin ta rufe baki ya riga ya taɓa birki. Bai taɓa ce mata sannu ba, ba ta taɓa nuna tana jira ba. Albasar da take sarowa har ta yi tsiro a ɗaki, ba wanda ya ce komai.

Ummi ce ta kawo maganar tafiyar nan, 'yarsu ta fari, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa. Ta ce ubanta ya ƙare rayuwarsa yana kai mutane wurare, shi bai ga ko'ina ba sai bayan motar gaba. Mijinta malamin makaranta ne, an yi hutu, ga dama ta samu. Ta so a bi jirgin ƙasa. Direba ya ce shi da ransa da motarsa, 'yarsa ba za ta yi layin tikiti ba. Surukin bai sa baki ba, don shi ko keke sai an riƙe masa. Haka suka shigo birni, Inna a kujerar gaba tana yi wa kowane mai abin hawa tsiya, har Ummi ta ce daga baya, "Inna, ki bar Baba ya yi tuƙinsa mana, kin cika masa kunne."

A tsohon gari, inda wuraren tarihin suke, babu wurin ajiye mota, saboda haka ranar suka hau bas ɗin birni. Direba ya zauna a takure, ƙafarsa tana danna birkin da babu shi, yana tsaki duk lokacin da matuƙin ya sha kwana. Da suka sauka taro ya haɗiye su. Inna ta zagayo ta damansa ta kama gwiwar hannunsa.

"Ƙafata ce ke min tsami," ta ce wa Ummi, ko da yake ba a tambaye ta ba.

Gidan kayan tarihi suka fara shiga. Ɗakuna ne masu sanyi da ƙamshin tsohon katako, an rage musu haske don kada kayan su koɗe. Mai yi wa baƙi jagora dogon mutum ne, yana ɗaga naɗaɗɗiyar lema sama don a san inda ya nufa. Ya nuna musu takubban da tsatsa ta ci bakinsu, da tulunan da aka haƙo a ƙarƙashin kasuwa, da rigar ƙarfe ta wani mayaƙi wadda ta huje daidai ƙirji. Tsuntsuwa ta tambaya ko mai rigar ya warke. Jagoran ya ce tarihi bai faɗa ba.

Abu ɗaya ne ya tsayar da Direba, wani tsohon keken doki na masu mulkin da, baƙi wuluk, an kewaye shi da jar igiya. Bai kula da adon zinariyar da ake nunawa ba. Kujerar matuƙin ya kalla, can sama, a fili, ba gilashi ba rufi, inda mutum zai ga gabas da yamma ba tare da ya juya wuya ba. Ya matsa don ya duba ƙafar keken, Inna kuwa a lokacin ta saki hannunsa tana gyara gyale. Sai ƙara ta cika ɗakin. Sandar ƙarfen da ke riƙe da igiyar ce ya ture da cinyarsa, ta faɗi, ta ja 'yar'uwarta, ita ma ta ja ta gaba. Mai gadi ya busa usur. Duk ɗakin ya juyo.

"Baba, lafiya?" in ji Ummi.

"Ni na ture ta," Inna ta ce. "Wannan takalmin da kika saya min santsi gare shi."

Ummi ta dubi takalmin, ta dubi uwarta da ke tsaye nesa da inda sandar ta faɗi. Surukin ya sunkuya yana tayar da sandunan yana ba mai gadi haƙuri.

Bayan sun ci abinci suka gangara bakin kogi, inda tsohon sansani yake. Duwatsu ne baƙaƙe aka ɗora kan juna, bangon ya yi kaurin da mota za ta iya tafiya a kansa. Manyan bindigogin igwa biyu na kwance a ƙofa, bakinsu a buɗe, tattabaru sun mai da su gida. Jagoran ya bi da su ta ƙarƙashin ƙasa ya nuna musu inda ake tsare fursunoni, ɗaki mai ɗigar ruwa, bangonsa duk zane-zanen farce. Ya kashe fitila na ɗan lokaci don su ji yadda wurin yake. Mata suka yi 'yar ƙara, wani ya yi dariya. Direba ya tsaya cik. Ya ji kamar an kai shi ya ga ɗakin da ake gyara masa.

Daga nan sai hasumiya. Matakalar dutse ce mai murɗewa, ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa jerawa. Dole Inna ta sake shi ta koma bayansa. A rabin hawa akwai wata taga da aka tsaga a bango, doguwa, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Jagoran ya ce ta nan maharba ke leƙen abokan gaba. Tsuntsuwa ta sa fuskarta ta ciro.

"Ba a ganin komai. Sai ɗan ruwa da rabin jirgi. In mutum ya zo ta gefe fa?"

"Sai a ji shi a wuya," in ji jagoran, aka yi dariya.

"Tsoho, zo ka gani."

Ya sunkuya ya leƙa. Ga kogi, ga kwalekwale, ga bishiya a wancan ƙetaren. Ya ɗago ya dubi bangon, ya sake leƙawa. Tagar ba ta rage masa komai ba. Yadda ya ga duniya ta cikin tsagar nan, haka yake ganinta a fili, haka ya gan ta a kan babbar hanya da jikarsa a kujerar baya. Sai a lokacin ya gane labulen ya wuce inda yake zato, har ya fara tahowa ta hagu ma. Gumi ya keto masa a wurin da iska ke kaɗawa.

"Ka ga ba a gani, ko?" ta ce.

"Ana gani mana. Idonki ne ƙarami."

A sama iska ta yi ta fizgar gyalen mata. Birni ya kwanta a ƙarƙashinsu har ƙarshen ido, hayaƙi ya lulluɓe gefensa. Ummi ta jera su ta ɗauki hoto, ta ce Baba ya yi murmushi, ya yi mata. Can yamma hadari ya fara haɗuwa, jagoran ya ce a sauka kafin dutsen ya jiƙe.

A saukowa Direba ne a gaba, Inna na bin sa. Bango na hagunsa, ƙarfen dafawa na damansa, yana bin ƙarfen da hannu. Akwai inda ƙarfen ya ƙare, an cire shi don gyara, aka ɗaura jan ƙyalle a wurin don gargaɗi. Kowa ya ga ƙyallen tun a hawa. Hannunsa ya kai ƙarshen ƙarfen ya kama iska, jikinsa ya karkata wajen ramin da ke tsakiyar matakalar.

"Baban Ummi, bango. Bi bango."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta cafko rigarsa ta baya ta fizge shi hagu da duk ƙarfinta. Kafaɗarsa ta bugi dutse, ya tsaya. Ita kuwa ƙafarta ta zame. Bai ga faɗuwarta ba. Jinta ya yi ta wuce ta gefensa kamar buhun da ya kwance daga saman mota, sannan wata 'yar ƙara ta zo daga ƙasa, irin ta busasshen reshe.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ce ƙashin cinya ne ya karye, sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma ba maganar doguwar tafiya yanzu. Suka tsaya a baranda suna shawara, ruwan sama na dukan kwano. Ummi za ta zauna jinya. Surukin dole ya koma, hutu ya ƙare, ɗalibai na jiransa, Tsuntsuwa ma makaranta na jiranta.

"Abin ya zo da sauƙi tunda ga Baba ga mota," in ji surukin. "Sai mu kama hanya jibi da safe, in Allah ya yarda."

"Allah ya kai mu," Direba ya ce. Ya ji maganar ta fita daga bakinsa sumul, kamar ba shi ya faɗa ba.

Washegari da la'asar, bayan an fito da Inna daga ɗakin aiki tana barci, Tsuntsuwa ta ishi kowa da kuka da tambaya. Ummi ta ce Baba ya ɗan zaga da ita. Kusa da asibitin akwai tsohuwar gada ta dutse, tana cikin wuraren da suka yi niyyar gani ba su samu ba. An hana motoci hawanta, sai masu tafiya da ƙafa da masu keke. A kowane gefe an jera gumakan mutanen da, ruwan shekaru ya shafe musu fuska, ba hanci ba ido. Ya sa yarinyar ta damansa ya riƙe hannunta.

"Zo mu yi wasa. Ni zan kalli gaba, ba zan juya ba. Ke kuma duk abin da kika gani ta gefenki ki faɗa min. In kin bar wani abu ya wuce, kin faɗi."

"In na ci me za ka ba ni?"

"Sai in bar ki ki zauna a gaba gobe."

Ta daka tsalle. Nan take ta fara, baki ba birki. Ga gunki mai karyayyen hannu. Ga mace da jariri. Ga mai balan-balan, ja da shuɗi da wani mai kamar kifi. Ga kare yana shinshina kwali. Ga mutum yana tahowa da sauri da jaka. Direba ya saurara, zuciyarsa ta fara sakewa. Yarinyar tana da ido, tana da baki. Hanya ce ta yini guda, kuma ya san kowane rami a cikinta. In ya isa gida sai ya ce motar na buƙatar gyara, ya jingine ta har Inna ta warke. Ba wanda zai sani. Matan kasuwa za su ci gaba da miƙo masa 'ya'yansu ta taga.

"Ga tattabara fara, Tsoho, ta sauka a kan gunki, ga wata ma, wannan ƙafarta ɗaya, ka ga yadda take..."

Iska ta mare shi a kunci, ƙararrawa ta yi ƙara a cikin kunnensa, wani abu ya shafi hannun rigarsa ya wuce. Sai da mai keken ya yi gaba sannan ya gan shi, yana waiwaye yana zagi.

"Ba ki faɗi mai keke ba," ya ce a hankali.

"Ai tattabarar ta fi shi kyau. Wannan ba ya cikin lissafi. Na ci, ko?"

Ya tsaya a tsakiyar gadar. Kogin ya cika da ruwan jiya, ja, yana tafe da rassa da robobi, yana wucewa ta ƙarƙashinsu ba hayaniya. Hannun yarinyar a cikin nasa ɗumi gare shi, ɗan ƙarami, kamar ɗan tsako.

"Kin ci," ya ce.

Da suka koma Inna ta farka. Ɗaki ne mai gadaje jere, labule tsakanin kowane biyu, warin magani ya cika shi. An ɗaga ƙafarta a kan matashi, fuskarta ta faɗa, leɓɓanta sun bushe. Ummi na ba ta ruwa da cokali, surukin na tsaye a ƙarshen gado. Tsuntsuwa ta ƙwace hannunta ta ruga.

"Inna, na ƙwace miki miji kuma na ƙwace miki kujera. Gobe ni ce a gaba. Tsoho zai kalli hanya, ni kuma in riƙa faɗa masa duk abin da ke gefe. Har mun gwada a kan gada, na ci."

Ummi ta yi murmushi. Inna ba ta yi ba. Ta kawar da cokalin da bayan hannu, ta juyo da kanta a kan matashi har idonta ya sami nasa. Ya dubi ƙarfen gadon.

"Malam," ta ce wa surukin, "don Allah kai yarinyar nan waje ka saya mata abin sha. Kada ku yi sauri."

Surukin mutum ne mai gane magana. Ya kama hannun 'yarsa suka fita, muryarta na raguwa a baranda.

"Baban Ummi, ba za ka sa yarinyar nan a kujerata ba."

"Wasa ne muke yi da ita."

"Na san wasan. Ni na fara shi."

Ummi ta ajiye kofin. "Wane wasa? Inna, maganin barcin ne bai sake ki ba?"

Inna ta yi shiru har ya ɗauka ta fasa. Ya san shirunta, ya zauna da shi tun suna da ƙuruciya, bai taɓa cutar da shi ba. Sannan ta yi magana, ba ta kalli kowa ba, sai rufin ɗakin.

"Ubanki ba ya gani ta gefe. Tun bara. Ni nake gani masa, shi ya sa nake bin sa. Jiya ma ba santsi ne ya kayar da ni ba." Sai ta juyo wajensa. "Ka yafe min. Da ni kaɗai ce a motar, da na yi shiru har kabarina."

A gadon da ke bayan labule wata tsohuwa ta yi tari, ta sake yi. Ummi ta miƙe a hankali.

"Baba, gaskiya ne?"

"Na kawo ku lafiya ko ban kawo ku ba?"

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Uwata, ni kike yi wa tambaya kamar ɗan sanda?"

Ta sunkuyar da kai, don ba ta saba ba. Amma da ta ɗago, muryarta ba ta yi rawa ba. "Tsuntsuwa da babanta za su bi jirgin ƙasa."

Ya jira ya ji fushi ya taso masa, bai zo ba. Wani abu ne ma ya sauka daga ƙirjinsa, kamar an sauke lodi. "'Yarki ce," ya ce. "Yadda kika ce haka za a yi."

"Kai kuma ka zauna nan tare da mu. Akwai ɓangaren ido a asibitin nan, na ga allonsu a ƙasa. Gobe da safe mu je a duba ka. Motar sai a nemi wani ya mayar da ita gida."

"A nemi wani."

"Eh, Baba."

Ya ga abin tsaf kamar a gabansa ake yi. Farar bas tana shiga tasha, wani yaro a kan sitiyari, masu shayi suna miƙewa, 'yan lodi suna tambaya ina mai ita. Kafin rana ta faɗi maganar ta gama gari. Ba za a ce ya yi shekaru bai take ko kaza ba. Za a ce ashe shekara guda makaho ke jan su, da su da 'ya'yansu.

"Ba wanda zai shigar min da mota tasha ina raye," ya ce. "Ni na fito da ita, ni zan mayar da ita. Ba zan ɗauki kowa ba, ni kaɗai zan tafi. In na isa na jingine ta, in ce na gaji, na huta. Wannan kowa zai gane."

"Kai kaɗai ne a kan titin?" in ji Inna.

Ya kai idonsa kan hularsa da ke kan kujera.

"Ka jira in warke, in raka ka. Ko a kwance ne."

"Kin ji abin da likita ya ce."

"To ka bar ta ta ruɓe a nan. Ƙarfe ne, Baban Ummi."

Ya matso ya ja bargon ya rufe mata yatsun ƙafar da suka leƙo, ya gyara gefensa da kyau. Ta kama hannunsa. Ba ƙarfi a riƙon, yatsunta sanyi ƙalau. Ya bar hannun a nan na ɗan lokaci, sannan ya zare shi a hankali, ya ɗauki hularsa daga kan kujera.

"In na fita da sassafe hanya ba kowa. A hankali zan bi gefe."

Ummi ta riga shi isa ƙofa. Ta tsaya a tsakiya, hannu ɗaya a kan kowane gefe, hawaye na zuba ba ta share ba. Ta yi tsawon uwarsa, har tsayuwar iri ɗaya. Tun da aka haife ta bai taɓa sa ta abu ta ƙi ba, kuma dukansu biyu sun san haka.

"Baba, don girman Allah."

"Matsa min, Uwata."

Ta dubi gadon. Inna ta yunƙura za ta tashi, ciwo ya mayar da ita. Hannun Ummi na dama ya sauka, sannan na hagu. Direba ya sa hularsa, ya daidaita ta da hannu biyu, ya bi ta gefenta ya fita.